Sarkin da ke tsaye a tashar bas ta Weymouth

A gindin mutum-mutumin Sarki George na Uku na tsaya jiran bas a Weymouth, wani gari na bakin teku a yankin Dorset da ke kudancin Ingila. Sarkin na can sama sanye da alkyabba mai ja da ruwan zinare, zaki a gefe guda, doki mai ƙaho ɗaya a ɗaya gefen. Wani tsuntsun teku ya sauka a kansa, wasu dattawa biyu kuma na zaune kusa suna cin kifi da soyayyen dankali a takarda.

Akwai masu cewa fentin ya yi yawa, ya mai da sarki kamar 'yar tsana, gara a bar shi da launin dutse. Ni ban yarda ba. Tun 1949 yake da waɗannan launuka, mutanen garin da su suka buɗe ido.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne rubutun da ke jikin ginshiƙin. Cewa aka yi mazauna gari masu godiya ne suka kafa shi, lokacin da sarkin ya shiga shekara ta 50 a kan gadon sarauta. Godiyar me? A 1789 ya fara zuwa garin bayan ya tashi daga jinya mai tsanani, don a zamanin an yarda wankan ruwan teku magani ne. Ana tura shi cikin ruwa a wani ɗan ɗakin katako mai tayoyi, irinsa na nan a ajiye kusa da wurin. Ya yi ta dawowa har 1805. Inda sarki ya sa ƙafa kuwa, nan fadawa da attajirai ke tururuwa. Masauki ya yi tsada, kasuwa ta buɗe, har yau da baƙin bazara garin ke cin abinci.

Na san a zamaninsa Amurka ta ƙwace daga hannun Birtaniya, kuma Turawa ba su bar masa wannan ba. Amma mutanen Weymouth abin da ya shiga tukunyarsu suka duba, suka aza harsashin a 1809.

Yanzu yana cikin rukuni na ɗaya na kayan tarihin da doka ta kare, ba a taɓa shi sai da izini. Wajen 2008 aka kankare tsohon fenti aka sake shafa sabo, kuma ran da na je ja ɗin yana ɗaukar ido tun daga bakin rairayi.