Ba kowace sarauniyar Masar aka binne a cikin dala ba

Abin nan yana damuna gaskiya, da an ce tsohuwar Masar sai mutane su ɗauka duk sarki ko sarauniya a cikin dala aka binne su. Ba laifinsu ba ne, dalar Giza ita ake ta nuna mana a hoto, kuma lallai kaburburan sarakuna ne.

Amma ku duba Merneith, mahaifiyar sarki Den, wadda ta rayu wajen shekara 2950 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ana ganin ma ita ta riƙe mulki lokacin ɗanta yana yaro. A zamaninta ba a fara gina dala ba sam, ta farko ta sarki Djoser sai bayan kusan shekara 300. Kabarinta yana Abydos, wani tsohon gari a kudancin Masar, rami aka haƙa aka gina ɗakuna da tubalin laka, ga kaburburan bayinta kusan 40 kewaye da shi. Saboda girmansa, da Flinders Petrie, wani Bature mai binciken kayan tarihi, ya tono shi a 1900 ya zaci na sarki namiji ne.

Daga baya ma sarakunan sun daina dala, ɓarayi sun addabe su, suka koma sassaƙa kabari cikin duwatsu kusa da Luxor.