Albashin mace ba ya sauke wa miji nauyin ciyarwa

Ana ta cewa idan mace tana aiki, cefane ya zama nasu su biyu. Tsadar rayuwa masu faɗin haka suke dubawa, kuma tsadar gaskiya ce. Amma a fiƙihun Malikiyya, ci da sha, sutura da muhalli suna kan miji tun daga tarewa, ko da matar ta fi shi kuɗi. Da ƙarfinsa ake aunawa, kamar yadda aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna, tare da duba matsayin matar.

A ce malamar firamare ta sayi buhun shinkafa da albashinta. In kyauta ta yi, shi ke nan. In kuwa mijin yana da hali ya ƙi saye, bashi ne a kansa, alƙali na iya sa shi ya biya. Abin da ta ciyar da kanta lokacin da yake cikin babu ne ba a binsa.