Jirgin soso mai batir ko na balsa mai injin mai: da wanne sabon shiga zai fara?

A filayen da masu tashin ƙananan jiragen sama na rimot ke taruwa a nan Ingila, za ka tarar da jama'a kashi biyu ko da ƙungiyarsu ɗaya ce. Akwai masu jirgin katakon balsa da injin mai, galibi dattawa, jirginsu na ƙara yana hayaƙi, kowa da tsumma a aljihu. Akwai kuma masu jirgin soso da batir, waɗanda ke fitowa daga mota su jona waya su tashi kafin na farkon su gama ɗura mai. Kowane ɓangare na ganin nasa ne sana'ar. Ni ra'ayina a fili yake: wanda bai taɓa riƙe rimot ba ya fara da soso da batir, jirgi mai fiffike a sama, mai tafiya a hankali. Balsa ya fi kyau a ido, ya fi daɗin tashi a hannun gwani, amma ba shi ne wurin koyo ba.

Dalili na farko nauyi ne. Ɗauki jirgin koyo na soso mai faɗin fiffike mita 1.2, zurfin fiffiken daga gaba zuwa baya santimita 20, nauyinsa duka da batir giram 900. Takwaransa na balsa mai injin da ake kira .40, wato kimanin cc 6.5, yakan kai kilo biyu da rabi da fiffike na kusan mita ɗaya da rabi. Idan ka raba nauyi da girman fiffike, kowane yanki na fiffiken balsa ya fi ɗaukar kaya, don haka dole ya yi gudu kafin iska ta riƙe shi, dole kuma ya sauka da gudu. Mai koyo kuwa lokaci yake nema, daƙiƙa biyun nan da zai gane cewa jirgi ya karkata, ya tuna wane yatsa zai motsa. Jirgi mai sauƙi yana ba shi wannan lokacin. Kuma ran da aka sha ƙasa, giram 900 a hankali da kilo biyu da rabi a guje ba ɓarna ɗaya suke yi ba.

Sai batun gyara. Soson da ake kira EPP yana lanƙwasa ya dawo, EPO ya fi shi santsi amma yana tsagewa, allon soso mai kaurin milimita 5 da takarda a fuska biyu kuma shi ne mafi sauƙin yankawa da reza. Hancin jirgin ya karye, gam ɗin kyandir da salatif sun mayar da shi cikin minti goma a bakin fili. Fiffiken balsa haƙarƙari ne a jere kan ƙashin baya, an lulluɓe da leda mai tsukewa da zafi. In ya fashe sai an kware ledar, an yanko sababbin haƙarƙari, an manne, an goge, an sake lulluɓewa da dutsen guga. Aikin maraice uku ko huɗu ke nan, kuma wanda ya san irin wahalar da ke jiransa yakan tashi jirgi a tsorace, hannu na rawa. Amma soso ma da tarkonsa. Supa gulu na yau da kullum da fentin feshi suna narkar da wasu nau'o'insa, musamman Depron da farin soson kwalin kaya, don haka a gwada a kan guntu tukuna. Gam ɗin kyandir yana da nauyi, kowa kuma yakan zuba fiye da kima a jela, inda giram goma ke buƙatar giram talatin ko arba'in a hanci kafin a daidaita. Yana kuma yin laushi a cikin motar da aka rufe a rana. Jirgin da aka bari a bayan gilashi zai iya fitowa da jela a karkace.

Kayan lantarkin jirgi irin wannan sanannu ne, ba sai an yi dogon bincike ba. Injin lantarki marar burushi mai lamba 2212, ƙarfin juyi 1000KV, farfela 10x4.5, na'urar totur, wato ESC, mai ɗaukar am 30, batir LiPo mai ɗaki uku, 2200mAh, ƙananan sarbo masu nauyin giram 9 guda huɗu, wato na'urorin da ke motsa sassan fiffike da jela, risiba mai karɓar saƙon rimot, da rimot mai tasha shida a kan 2.4GHz. Lambar KV tana nufin juyi nawa injin zai yi a minti kan kowane bolt idan babu farfela, don haka 1000KV a kan bolt 11.1 kusan juyi 11,000 ne. Lambobin farfela kuma inci ne: 10 tsawonta, 4.5 nisan da za ta ci a juyi ɗaya. Inda mutane ke ƙona kaya shi ne ƙara girman farfela don neman ƙarfi. Farfela babba tana jan wuta da yawa, injin ya yi zafi, ESC ya yi hayaƙi. Ma'aunin wat da ake jonawa tsakanin batir da ESC ya fi duk wani hasashe. Jirgin koyo wat 120 zuwa 160 kan kowane kilo ya ishe shi, kuma wannan haɗin yana ba da haka da am 13 ko 14. In ka jona injin ya juya baibai, sauya kowace biyu daga cikin wayoyinsa uku.

Injin mai fa? Mansa metanol ne da naitro kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, da man shafawa kusan kashi 18, ko na zurma ko na haɗi. Ana kunna filoginsa da batir mai bolt 1.5 har wayar ciki ta yi ja, a juya farfela, in ya kama sai a cire batirin. Daga nan sai gyaran allurar kafireto: in mai ya yi yawa injin ya riƙa tari, in ya yi kaɗan ya yi zafi ya mutu a sama. Wannan ilimi ne mai daɗi, amma darasi ne na daban. Mai koyo da ke fama da hagu da dama ba ya buƙatar injin da zai ɗauke masa yana tsakiyar juyawa. Gaskiya dai sai an faɗa, injin mai yana da nasa: ka sauka, ka ɗura, ka sake tashi, babu jiran caji, kuma iska ba ta wasa da jirgi mai nauyi kamar na soso. Ranar da iska ta taso, masu soso zama suke yi suna kallo.

Batir LiPo shi ne wurin da ɓangaren lantarki ke biyan nasa harajin. Kowane ɗaki bolt 4.2 ne in ya cika, 3.7 a matsakaici, kuma bai kamata a sauke shi ƙasa da 3.3 ba. Batir mai ɗaki uku ke nan 12.6 a cike. A yi caji da caja mai daidaita ɗakuna, a kan am 2.2 ga batir 2200mAh, a kan siminti ko cikin jakar da ba ta cin wuta, mutum yana kusa. In za a ajiye fiye da 'yan kwanaki a mayar da shi 3.8 kowane ɗaki, domin ajiye shi a cike shi ke sa ya kumbura. Wanda ya kumbura ko ya lotse a haɗari an gama da shi, kada a yi masa rowa. Lissafin lokacin tashi ma mai sauƙi ne: kashi 80 cikin ɗari na 2200 shi ne 1760, in jirgi na cin am 8 a matsakaici ka sami kamar minti 13. Saita agogon rimot a kan minti 8 da farko, ka sauka ka auna abin da ya rage. Ga masu tafiye-tafiye, irin wannan batir ba ya shiga jakar da ake aunawa a tura cikin jirgin fasinja, a jakar hannu ake riƙe shi an rufe bakin wayoyinsa. Ƙarfinsa kusan 24Wh ne, ƙasa sosai da iyakar 100Wh da kamfanonin jirage ke yarda da ita ba tare da izini ba.

Akwai abu ɗaya da bai san soso ko balsa ba, kuma shi ya fi kashe jirage a tashin farko: wurin da nauyin jirgi ya daidaita. A fiffike miƙaƙƙe, wurin yana tsakanin kashi 25 da 33 cikin ɗari na zurfinsa daga gaba. Fiffike mai santimita 20, ka auna 5 zuwa 6.5, ka yi alama a ƙasansa hagu da dama, ka sa batir a mazauninsa, ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu. Hanci ya ɗan sunkuya, madalla. Jela ta faɗi, kada ka tashi. Jirgi mai nauyin hanci yana sauka da gudu amma yana jin magana. Mai nauyin jela kuwa da ka taɓa sandar rimot zai ɗaga kai, gudu ya ƙare, fiffike ɗaya ya zube, ya murɗa zuwa ƙasa kafin ka yi wani abu. Gyaran shi ne matsar da batir gaba, sai in hakan ya gaza a sa dalma. A kuma ɗaure batirin da kyau, don in ya zame baya a sama duk awon da aka yi ya tashi a banza.

Na biye da shi a ɓarna shi ne leɓe, wato sashen da ke motsi a bayan fiffike ko jela, in yana motsi baibai. Tsaya a bayan jirgin, ka tura sandar dama zuwa dama: leɓen fiffiken dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. Ka jawo sandar gare ka: leɓen jela ya ɗaga. Wannan a tsarin da ake kira Mode 2 ke nan, inda totur da juya jela ke hannun hagu, wanda shi ne aka fi amfani da shi a Amurka da Ingila. A yi wannan gwajin kafin kowane tashi, ba ranar farko kaɗai ba. Duk wani saiti a gida a cire farfela tukuna, domin injin lantarki ba ya gargaɗi, kuma ba ya tsayawa don ya sami yatsa. Rimot ake fara kunnawa, shi ake kashewa a ƙarshe. A saita risiba ta yanke totur in sigina ta ɓace, a gwada hakan ta kashe rimot ana riƙe da jirgin. Tazarar motsin leɓe kuma kada ta wuce santimita ɗaya sama da ƙasa a farko. Sabon hannu kullum yana tura sanda fiye da yadda ake buƙata.

A nan ne zan ɗan ba dattawan balsa gaskiyarsu. Abin da ya sa suka iya da jirage masu wuya shi ne ba su koya su kaɗai ba. Ana haɗa rimot biyu, na malami da na ɗalibi, malami ya ɗaga jirgi sama ya danne maɓalli ya miƙa wa ɗalibi, in ɗalibi ya rikice malami ya saki maɓallin ya karɓe. Sauƙin soso ya sa mutane da yawa na tsallake wannan, su tafi fili su kaɗai, jirgi ya juyo yana fuskantarsu, dama ta koma hagu, shi ke nan. Manhajar koyo a kwamfuta irin su RealFlight ko PicaSim tana magance rabin wannan, in dai da rimot na gaske ake yi, ana maimaita sauka har yatsu su saba. Dabarar jirgi mai zuwa gare ka ita ce ka tura sanda wajen fiffiken da ya yi ƙasa. Na'urar daidaita jirgi da ake sa wa wasu na kanti tana taimakawa, amma a rage dogaro da ita da wuri, in ba haka ba ita ce ta iya, ba kai ba. Tashi da sauka duka ana fuskantar iska ne, kuma sassafe ko dab da magariba iska ta fi kwanciya.

Doka ma tana da ɗan bambanci tsakanin ƙasashe, kuma nauyin jirgi ne ke jawo ta. A Amurka hukumar jiragen sama ta FAA na buƙatar rajista ga abin da ya kai giram 250, da ɗan gwajin intanet mai suna TRUST, da na'urar da ke sanar da inda jirgi yake sai dai in a filin da aka amince da shi ake tashi. A Ingila hukumar CAA na ba da lamba biyu, ta mai tuƙi bayan gwaji da ta mai jirgi wadda ake liƙawa a jikinsa. Iyakar tsawo a wuraren biyu ƙafa 400 ce, kimanin mita 120, jirgi kuma ya kasance ido na ganinsa. Ƙungiyoyin AMA a Amurka da BMFA a Ingila suna ba mambobi inshora, wanda shi kaɗai ya isa dalilin shiga. Dokokin suna sauyawa, don haka duk ƙasar da mutum yake ya duba na hukumar jiragen samanta, ya kuma nisanci filin jirgi da barikin soja da taron jama'a.

Yaushe za a koma balsa? Idan mutum na iya sauka sau goma a jere a inda ya nufa, yana iya zana takwas a sama ba tare da tsawo ya sauya ba, yana kuma iya dawo da jirgi lafiya da totur a kashe. A lokacin ma shawarata ya gina balsa ya sa masa injin lantarki tukuna, ya koyi aikin katako da leda da gam epoksi, injin mai ya biyo baya a jirgi na uku.