Wa ke gaya wa yaranmu ko su wane ne?

Jama'a, kullum ƙorafinmu a kan yara da waya shi ne ɓata lokaci. Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya daban ne.

Daga shekara 13 zuwa 18 yaro laluben kansa yake yi. Yau likita zai zama, gobe ɗan ƙwallo, jibi ya sauya tafiya da salon magana. Haka girma yake. Da can a gaban mutane ƙalilan da suka san shi yake wannan gwaji, a yi dariya, a manta. Yanzu a kafafen sada zumunta, a gaban dubbai yake yi, ga lissafin masu yabo a ƙarƙashin kowane hoto, kuma intanet ba ta mantuwa.

Ku lura da yarinya 'yar shekara 14 in za ta ɗora hoto. Ta ɗauka, ta goge, ta sake ɗauka. Ta sa abin da zai sirantar da hanci, ya haska fata. Da ta ɗora, ido na kan waya, minti-minti tana leƙawa. In yabon bai kai yadda take so ba, sai ta sauke hoton shiru. Wallahi abin tausayi ne, domin ta fara yarda cewa fuskar da Allah ya ba ta sai an yi mata gyara kafin a so ta.

Kuma kamfanonin da suka mallaki kafafen nan sun sani. A 2021 Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna binciken kamfanin da kansa ya gano manhajarsa ta Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙin jikinsu. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya yi gargaɗin cewa matashin da ke wuce awa 3 kullum a kafafen nan, haɗarin faɗawarsa cikin ciwon damuwa na ninkawa.

TikTok kuwa ba ya jiran yaro ya faɗi abin da yake so, daƙiƙun da ya tsaya a kan bidiyo yake ƙirgawa. Ransa ya ɓaci a wani dare, ya daɗe kan bidiyon baƙin ciki, washegari a cika masa waya da irinsa. Sannu a hankali ya ɗauka haka Allah ya yi shi. Ɓacin ran dare guda ya zama hali.

Ba na musun alherin da ke ciki. Yaron da ke son zane, babu mai fahimtarsa a kusa, a can yake samun irinsa.

Duk da haka ina goyon bayan dokar da Ostireliya ta yi a 2024, wadda ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a kafafen sada zumunta. Na san wasu za su ƙara wa kansu shekaru, kamar yadda suke yi wa ƙa'idar shekara 13 da kafafen suka gindaya kafin a buɗe shafi. Amma tarar a kan kamfani take, ba a kan yaro ko iyayensa ba, kuma su ya kamata su ɗauki nauyin, tunda su suka ƙera abin, su ke cin ribarsa.