Nasiha ga Magidanta Kan Kula da Mai Ciki a Lokacin Annoba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ya ku 'yan uwana magidanta, bayan da aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020, ta kuma iso Kano a watan Afrilu, an samu gidaje da yawa da mai ciki ta daina zuwa awo, ko don tsoron kwaso cuta a asibiti, ko don gudun kada a ce tana ɗauke da ita a killace ta. Tsoron yana da dalili, domin mai ciki ta fi sauran mata shan wuya idan cutar ta kama ta, kuma tana iya jawo haihuwar bakwaini. Sai dai hawan jini da jijjiga da doguwar naƙuda ba su ɗaga wa kowa ƙafa ba don annoba ta zo, kuma a wurin awo ne ake gano hawan jini tun bai kai ga jijjiga ba.

Allah Maɗaukakin Sarki ya siffanta ɗaukar ciki a Suratu Luƙman da cewa rauni ne a kan rauni, ya kuma umarta a Suratuɗ Ɗalaƙ da a ciyar da matan da aka saka suna da ciki har su haihu. Idan wannan shi ne haƙƙin wadda aka saka, ina ga wadda take ɗakinka da igiyar aurenka? Kuɗin mota zuwa awo, da ƙwayoyin ƙarin jini, da sabulu da takunkumi, duk suna wuyanka. Wani zai ce ai wadda ta rasu wurin haihuwa ta yi shahada. Haka ne, hadisi ya zo da wannan, amma darajarta ce ita, kai kuwa da ka hana ta fita tana kukan ciwon kai da kumburin fuska, tambaya tana jiranka. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, cewa ya yi yana gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Saboda haka a lokacin annoba ta je awo da takunkuminta, ta ba da tazara a layi, ta wanke hannu idan ta dawo. Idan jini ya ɓalle, ko motsin ɗa ya ragu, ko zazzaɓi ya zo da sarƙewar numfashi, kada a jira gari ya waye, kuma a gaya wa ma'aikatan lafiya gaskiyar abin da take ji domin su ma su kare kansu. Ko da an tabbatar tana da cutar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta ci gaba da shayarwa, ta rufe baki da hanci, ta wanke hannu kafin ta ɗauki jaririnta.

Iyayenmu mata kuma, don Allah a rage cinkoson barka a lokacin annoba. Ɗaki ɗaya, tagogi a rufe, jariri yana yawo daga wannan cinya zuwa waccan kowa na sumbatarsa, wannan haɗari ne ga mai jego da abin da ta haifa. Yankan ragon suna da raɗa wa yaro suna ba sa buƙatar taron jama'a, a raba naman gida-gida, a yi barka ta waya.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa.