Mamaci a Teburin Mai Jarida

Agege, kusa da layin dogo, da hantsi. Mai jarida ya shimfiɗa hajarsa ya danne da duwatsu, 'yan karatun kyauta sun kewaye shi. Bakano ya ɗauki jaridar da ke dama, Bazazzage ya ɗauki ta hagu. Cikinsu babu wanda ya taɓa aljihu.

Bakano: Inna lillahi! Tirelar albasa ta kife a hanyar kasuwar Mile 12. Buhu 300 sun zube, mai kayan ya rasu nan take.

Bazazzage: Taka ta shara ta. Tawa ta ce buhu 80 ne, kuma na tumatir.

Bakano: Tumatir a buhu? Kai a Zariya a buhu kuke zuba shi? Wannan wakilin naku ko kwando bai taɓa gani ba.

Bazazzage: To dubi hoton taka. Tankar mai ce a kwance. Yaushe aka fara ɗura albasa a tanka?

Mai Jarida: Tsohon hoto ne, Malam. Duk motar da ta faɗi a Legas da shi suke aiki. Ku dai riƙe a hankali, kada ku shafa mata maiƙon ƙosai.

Bakano: Wai me ya sa ba sa haɗuwa a kan magana ɗaya?

Mai Jarida: Kishi. In wannan ta ce goma, dole waccan ta ce ashirin, don kada a ce kwafa ta yi. Abin ba yau ya fara ba. Kun ga Punch da Vanguard can gefe? Da Sam Amuka aka kafa Punch, aka samu saɓani, ya fita ya buɗe Vanguard a 1984, ga su nan kullum kafaɗa da kafaɗa a teburina.

Bazazzage: Shi ya sa nake ce maka jarida a Zariya take. Gaskiya Ta Fi Kwabo, 1939, Abubakar Imam na kan kujerar edita. Lokacin ku Kanawa kuna can kuna ƙirga kwabon.

Bakano: Gara mu da muka ƙirga. Kai yanzu nemo min Gaskiyar a teburin nan in saya.

Sai ga wani dattijo da buta a hannu, rigarsa na tashin warin albasa.

Baba: Salamu alaikum. Yara, wa ya mutu? Tun asuba wayata ke kuka, duk wanda na ɗauka sai ya yi salati ya kashe.

Bakano: Wani mai albasa ne, Baba. Tirelarsa ta kife jiya.

Baba: Ai tawa ce. Taya ta fashe, buhu shida suka gangaro, muka kwashe abinmu.

Bazazzage: (ya ja da baya) Baba, to ai ku ne kuka rasu.

Baba: Ni? Karanta min in ji yadda aka yi.

Bakano: An ce sunanku Malam Aboki, ɗan Kano, shekara 45.

Baba: Ni mutumin Aliero ne, jihar Kebbi, kuma babban ɗana ma ya haura 45. Aboki kuwa sunan da masu sayen albasa ke kirana ne. Ashe har ya shiga takarda.

Bazazzage: A wajensu duk wanda ya sa hula ɗan Kano ne. Cin mutuncin ya yi yawa.

Mai Jarida: Kada ku damu, Baba, ba da ku aka fara ba. A 1989 aka baza cewa Zik, wato Nnamdi Azikiwe, ya mutu, manya suka yi ta aika ta'aziyya. Mutumin nan bai tafi ba sai 1996.

Baba: Kenan ina da sauran shekara bakwai. Alhamdu lillahi.

Ana cikin haka wani saurayi da ke raɓe ya ɗaga waya, ya ɗau hoto, ya bi ta cikin kasuwa. Babu wanda ya kula.

Washegari an sake cika. Wannan karon Bazazzage ne ya riga kowa zuwa, bakinsa har kunne.

Bazazzage: Yau jaridata ta yi wa taka tsirara. Shafin farko: "Sun kashe mai rai! Ga attajirin albasar nan garau." Har da hoto.

Bakano: Mu gani. Kai! Wannan ai ni ne!

Mai Jarida: Kai ne mana. Ga Baba can a bayanka, an yanke shi, butarsa kawai ta fito.

Wayar Bakano ta yi ƙara. Ya duba, ya haɗiye yawu.

Bakano: Na'am, Hajiya. A'a, wallahi ba ni da tirela. Wace albasa? Ki saurare ni mana. Wa ya turo miki? To kuɗin cefanen da na ce babu, da gaske babu... Hajiya? Hajiya?

Bazazzage: Attajiri, a taimaka mana da buhu ɗaya.

Bakano: Sai na kai su kotu.

Mai Jarida: Za su ba ka haƙuri a shafi na 38. Ga irinta nan ma, taka ta yi gyaran labarin jiya.

Aka yi ta nema. Sai da Mai Jarida ya ɗora yatsa aka gan ta, can ƙasan tallan masu canza suna, faɗinta bai wuce kwalin ashana ba. Mutuwar dai da manyan baƙaƙe aka buga ta, raya mutum kuwa sai an sa tabarau.

Bazazzage: "Muna neman afuwar masu karatu. Buhu 250 ne suka zube, ba 300 ba."

Bakano: Shi ke nan?

Bazazzage: Shi ke nan.

Baba: (ya iso yana gyara hula) Ni fa? An tashe ni?

Mai Jarida: A ta dama har yanzu kuna kwance, Baba. A ta hagu kuna da rai, amma da fuskar Bakano. In kuna so in ba ku adireshin ofishinsu, ku je su gan ku ido da ido.

Baba: Dakata tukuna. Tun jiya mai tirela bai kira ni kan cikon kuɗin mota ba. Dillalin da nake ɓuyar wa kuma, an ce yana ta neman mutumin da ke cikin hoto.

Bakano: Wane hoto?

Baba: Yaro, ta jiyan nan da ta kashe ni, saura nawa?

Mai Jarida: Guda huɗu.

Baba: (ya zaro kuɗi daga lalita) Naɗe min duka. Ɗaya ta mai tirela, ɗaya ta dillali, biyu na ajiya.

Bakano: Baba, ku ji tsoron Allah, ni za a kama!

Baba: Ai kai ne mai albasar, jarida ta faɗa. In ya zo ka ce masa ya jira kasuwa ta buɗe.