Tun kafin Franco harshen Katalan ya fara rasa marubutansa

Duk wanda ya tashi ba da tarihin harshen Katalan, na yankunan Kataloniya da Valencia a ƙasar Sifaniya, yawanci da Janar Franco, wanda ya yi wa ƙasar mulkin kama-karya, yake farawa: yadda daga 1939 aka kori harshen daga makarantu da ofisoshi da jaridu. Wannan gaskiya ne. Amma a ganina, raunin da ya fi yi wa adabin Kataloniya illa ya riga Franco da shekara ɗari huɗu, kuma babu hannun soja a ciki. 'Ya'yan gida ne suka kwashi alƙalumansu suka koma gidan maƙwabci.

A ƙarni na 15 Katalan ba ƙanin kowa ba ne. A Valencia aka yi mawaƙi Ausiàs March, a nan kuma aka buga littafin Tirant lo Blanch na Joanot Martorell a 1490. Cervantes, babban marubucin Sifaniyanci, da kansa ya shaidi darajarsa. A babi na shida na Don Quixote, limamin coci da wanzamin gari sun shiga ɗakin karatun jarumin, ana ta jefo littattafai ta taga don a ƙone, tunda su ne suka juya masa kai. Da aka zo kan Tirant sai limamin ya hana, ya ce a wannan littafin jarumai suna cin abinci, suna barci, suna mutuwa a kan gadonsu, har su bar wasiyya. Sai dai tun 1511 littafin yake yawo a Castile, masarautar masu magana da Sifaniyanci, cikin fassarar harshensu, babu ko sunan mai shi.

Bayan auren Ferdinand na Aragon, masarautar da ta haɗa da Kataloniya da Valencia, da Isabella ta Castile a 1469, fada ta karkata Castile, masu sarauta da masu kuɗi suka bi ta. Juan Boscán, haifaffen Barcelona, da Sifaniyanci ya yi suna. Guillén de Castro na Valencia ma haka ya rubuta wasanninsa. Babu dokar da ta tilasta musu. Dokar da ta rushe hukumomin Kataloniya ta kuma ɗora Sifaniyanci a babbar kotu sai a 1716 ta zo, bayan faɗuwar Barcelona a 1714.

Ba na ganin laifinsu sosai, don marubuci ma tuwo yake ci. A Madrid ta wancan zamani tsakar gidaje ake mayarwa dandalin wasa, maza a tsaye a ƙasa, mata a wani keɓaɓɓen wuri da ake kira cazuela, wato tukunya, kuma jama'a kullum sabon wasa suke nema. Lope de Vega ya rubuta musu ɗaruruwa, har ya faɗa a 1609 cewa tunda talakawa ne ke biya, daidai ne a yi musu abin da zai faranta musu. Wa zai bar wannan kasuwa? To amma wajen shekara ɗari uku aka yi Katalan tana harshen kasuwa da ɗakin girki, manyan littattafai kuwa sai ɗai-ɗai.

Waɗanda suka riƙe ta ba malamai ba ne. A garin Elche, duk ranakun 14 da 15 ga Agusta, mutanen gari ne da kansu ke rera wani tsohon wasa a cikin cocin Santa Maria da Katalan irin ta Valencia. Ana buɗe ƙofa a can saman rufin da aka zana kamar sararin sama, a sauko da wani abu mai siffar rumman a kan igiya, ya buɗe, sai ga yaro a ciki ya fito a mala'ika. Masu wasan ba sana'arsu ba ce, gado ne.

Farfaɗowar ma da abin dariya ta fara. Waƙar da ake cewa ita ta buɗe ƙofa a 1833, Bonaventura Carles Aribau ya rubuta ta ne a Madrid don taya ubangidansa, wani mai banki, murna, sannan ya ci gaba da aikinsa da Sifaniyanci. A 1859 aka maido da gasar waƙa ta Jocs Florals a Barcelona, inda mawaƙa ke tono tsofaffin kalmomin da ba mai faɗa a titi. A gefe guda Frederic Soler, wanda aka fi sani da Pitarra, mai gyaran agogo, yana cika gidan wasa na Romea da barkwanci cikin Katalan ɗin da ake yi a lokacin. Masu gasar sun raina shi. Ni kuwa ina ganin shi ya fi su aiki, don shi ne ya sa ɗan Barcelona ya sake sa hannu a aljihu ya biya kuɗi ya ji harshensa.

Shi ya sa da Franco ya zo, abin da ya tarar ya fi ƙarfin doka. Masanin harshe Pompeu Fabra ya riga ya daidaita ƙa'idojin rubutu a 1913, ya fitar da ƙamus a 1932, ga masu karatu ga 'yan kallo. Mercè Rodoreda tana gudun hijira a Geneva ta rubuta La plaça del Diamant da Katalan, aka buga shi a Barcelona a 1962, Franco yana kan kujera da sauran shekara goma sha uku a gaba.